Yadda za ka lissafa nisan tafiyar jirgi daga Yamai zuwa Jidda ko Gwanzu

Daga Yamai zuwa Jidda kilomita 4,000 ne da 'yan kai, in jirgi ya miƙe bai ratse ko'ina ba. Zuwa Istanbul ma haka, zuwa Adis Ababa ma haka, Paris kuwa ta gaza da kamar kilomita 50. Garuruwa huɗu, kowanne da nahiyar da ya fuskanta, amma duka awa biyar da rabi ne zuwa shida a sama. Sana'ata sayar da tikitin jirgi a wata ajansi nan Yamai, kuma in na faɗi wannan sai a yi mini kallon mai zolaya, musamman 'yan uwana Adarawa da suka tashi da labarin kakannin da suka bi ta Cadi da Sudan a ƙafa, suka share shekaru kafin su ga Bahar Maliya. Mai tambayar nisa dai yawanci so yake ya san ranar da zai isa da irin gajiyar da ke jiransa. Daga kilomita ake farawa, amma akwai sauran aiki bayanta.

Fara da sanin lambar filin jirgi. Kowane fili yana da haruffa uku da duk duniya ta san shi da su, su ne kuma a rubuce jikin tikitinka da takardar da ake manna wa jakarka. Filin Diori Hamani na Yamai NIM ne. Tawa THZ, Damagaram ZND, Agadas AJY. Jidda JED, Madina MED, Istanbul IST, Adis Ababa ADD, Kasablanka CMN, Dubai DXB. Na Gwanzu, garin 'yan kasuwarmu a ƙasar Sin, CAN ne, saboda tsohon sunan garin, Canton. In ka riƙe waɗannan, shiga shafin Great Circle Mapper a intanet ka rubuta NIM-JED, zai ba ka nisan ya kuma zana maka layin. In tafiyar da zango ce, ka jera su duka, NIM-IST-JED, zai ba ka kowane gaɓa daban ya kuma haɗa jimla. Google Maps ma yana yi: ka danna yatsa a kan Yamai har alama ta fito, ka zaɓi wurin auna nisa, ka ja taswirar zuwa garin da kake so.

Sai dai ka duba ma'aunin da aka ba ka kafin ka kai labari majalisa. Shafuka da yawa da mil suke ba da amsa, mil guda kuwa kilomita 1.609 ne. Matuƙa jirgi suna da nasu mil ɗin na teku, shi kuma kilomita 1.852. Wanda ya ce maka Jidda 2,500 ce bai yi ƙarya ba, wanda ya ce 2,170 ma bai yi ba, kai da ka ce 4,000 ma gaskiyarka. Na sha ganin dattawa suna musu a kan wannan har shayi ya huce.

Ana iya yin lissafin da biro da takarda, kuma ina ba ɗalibai shawara su gwada ko sau ɗaya, don wanda ya taɓa yi da hannunsa ba a cika ruɗa shi ba. Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, an raba shi digiri 360, kenan kowane digiri kilomita 111 ne in kana tafiya kudu ko arewa. Kowane gari yana da lambobi biyu, ɗaya ta nisansa daga tsakiyar duniya zuwa arewa ko kudu, ɗaya ta gabas ko yamma. Filin jirgin Yamai yana kan 13.5 arewa, 2.2 gabas. Na Paris yana kan 49 arewa, 2.5 gabas. Ka ga lambar gabas kusan ɗaya ce, wato Paris tana arewa da mu sak. Ka cire 13.5 daga 49, saura 35.5, ka ninka da 111, ka samu 3,940. An gama.

Jidda ta fi ɗan wuya, don tana gabas tana kuma arewa. Lambobin filinta 21.7 arewa, 39.2 gabas. Tazarar arewa 8.2 ce, sau 111 ya ba da 910. Tazarar gabas 37 ce, amma a nan ba da 111 za ka ninka ba, domin layukan gabas da yamma suna matsewa yayin da ake yin arewa, har su haɗe wuri guda a can ƙurya. A wajen digiri 15, digirin gabas kilomita 107 ne. A 18 ya koma 106, a 30 ya koma 96, a 45 kusan 79, a 60 kuwa rabi ne kawai. Tsakanin Yamai da Jidda ya faɗo wajen 18, don haka 37 sau 106, wato 3,922. Yanzu ka ninka 910 da kanta, ka ninka 3,922 da kanta, ka haɗa su, ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka. Za ta nuna 4,026. Abin da kwamfuta ke bayarwa bai bambanta da wannan da fiye da kilomita 15 ba.

Wannan dabara tana aiki muddin tafiyar ba ta wuce kilomita dubu huɗu ko biyar ba. In ka gwada ta da Gwanzu za ta ba ka wajen 11,750, alhali nisan gaskiya kusan 11,500 ne. Dalili shi ne duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ka kifa ƙwarya, ka ɗiga alama biyu nesa da juna a gefenta, ka ɗaure zare tsakaninsu ka ja shi ya yi tsam. Za ka ga zaren bai bi gefe ba, ya hau ta wajen ƙoƙon. Haka gajeriyar hanya take a duniya. Yamai tana kan 13.5 arewa, Gwanzu tana kan 23.4, mai kallon taswirar bango zai ce a bi gabas kawai ta Yaman da Indiya. Zaren kuwa arewa maso gabas yake fita daga Yamai, ya ratsa kudancin Masar da arewacin Saudiyya, ya bi ta kan Kuwait da Iran, ya kai har digiri 31 wajen iyakar Afganistan da Pakistan, sannan ya gangaro Sin.

Wannan yana da amfani ga aljihunka da jikinka. Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Yamai ya dire Gwanzu kai tsaye, dole a ya da zango. 'Yan kasuwa da yawa suna ce mini a ba su ta Adis, wai Istanbul ai Turai ce, an yi baya. To lissafa. Yamai zuwa Adis 4,020, Adis zuwa Gwanzu kusan 8,040, jimla 12,060. Yamai zuwa Istanbul 4,020, Istanbul zuwa Gwanzu kusan 7,880, jimla 11,900. Hanyar da ake gani kamar zagaye ita ce ma ta fi gajarta da kilomita ɗari da wani abu. Bambancin ba shi da yawa, minti goma ne a sama, saboda haka kada ya zama shi ne abin da za ka zaɓi hanya a kansa.

A tafiyar Umra ce zango yake cin mutum sosai. Jirgin alhazai da ake shiryawa ta hannun COHO, hukumar aikin Hajji da Umra ta Nijar, yakan miƙe ne zuwa Madina ko Jidda, kilomita 4,100 ko 4,000. Mai zuwa Umra da tikitin kansa kuwa sai ya bi ta wani gari. Ta Adis: 4,020 da 1,410, jimla 5,430. Ta Istanbul: 4,020 da 2,390, wato 6,400 da ɗoriya. Ta Kasablanka sai ka fara yin arewa maso yamma kilomita 2,420, ka juya wa Alƙibla baya, sannan ka dawo gabas 4,750, jimla kusan 7,200. Ya kusa ninka miƙaƙƙiyar hanya. Wani lokaci kuma wannan doguwar ce ta fi araha, don kuɗin tikiti ba kilomita yake bi ba, yawan masu nema da lokacin shekara yake bi. Saurayi mai ƙarfi ya ɗauki mai arahar in ya so. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, a ganina, a ƙara kuɗin a rage mata hanya.

Mayar da kilomita awa ba wuya. Manyan jirage suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa in sun daidaita a sama, amma hawa da sauka da jiran layi suna rage wannan. Abin da nake yi, in raba nisan da 800, in ƙara rabin awa a kowane gaɓa. Kilomita 4,000 ya zama awa biyar da rabi. Adis zuwa Gwanzu awa goma da rabi. Adis zuwa Jidda awa biyu da kwata. Ba ya cika saɓawa da abin da kamfani zai rubuta da fiye da rabin awa. In ka ga ya saɓa da awa biyu ko uku, to akwai saukar da ba a bayyana maka ba, don wasu jiragen da ke zuwa Yamai sukan biya ta wani babban birni na maƙwabta su sauke fasinja su ɗauki wasu, kuna zaune a ciki, lambar jirgin ba ta canja ba. Ka tambayi mai sayar maka da tikiti ƙarara: akwai sauka a hanya ko babu?

Sai agogo, wanda shi ne ya fi rikita mutane. Lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin ke faruwa ne, na tashi agogon garin tashi, na sauka agogon garin sauka. Saudiyya da Turkiyya da Habasha duk suna gabanmu da awa biyu. Dubai da awa uku. Sin da awa bakwai, kuma duk faɗin ƙasar agogo ɗaya suke bi. Faransa daidai take da mu lokacin sanyinsu, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gabanmu da awa guda.  In za ka gabas, ka cire bambancin daga abin da ka gani a takarda. In za ka yamma, ka ƙara. Af, in ka sauka Adis kada ka tambayi mai shara ko mai shago ƙarfe nawa ka dogara da amsarsa. Mutanen Habasha daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, bakwai ta safe a agogon filin jirginsu ita ce ɗayansu. Allon filin jirgi za ka duba.

Wata Hajiya mai sarin yadi da takalma ta zauna gabana da tikitinta, ta sa tabarau, ta bi layin da farce. An rubuta tashi daga Yamai Litinin 01:00, sauka Istanbul 09:00. Tashi daga Istanbul 01:30 da ƙaramar alamar +1 a gefe, wato washegari, sauka Gwanzu 16:30.

Ta ce, "Ɗana, na farkon awa takwas, na biyun sha biyar. Ni ƙafafuna ba za su ɗauki zaman awa sha biyar ba."

Na ce, "Hajiya, a cire biyu daga takwas ɗin, shida ne. Na biyun kuma tsakanin Turkiyya da Sin awa biyar ce, a cire, saura goma."

Ta saki fuska. Sai na ɗora biro a kan tazarar da ke tsakanin layukan biyu, inda ba a rubuta komai ba. Daga tara na safe zuwa ɗaya da rabi na dare, awa sha shida da rabi kenan a kujerar filin jirgi. Zaman sama duka awa sha shida ne, jiran ƙasa ya fi shi. Daga tashinta Yamai zuwa saukarta Gwanzu awa talatin da biyu da rabi.

Ta cire tabarau ta ce, "To nemo mini wani, ko da ƙarin jaka hamsin ne."

Wannan farin wurin da ke tsakanin layuka shi nake fara dubawa a kowane tikiti. Jiran da bai kai awa biyu ba haɗari ne, balle a fili irin sabon na Istanbul da aka koma cikinsa a 2019, inda daga wata ƙofa zuwa wata sai ka yi tafiyar minti ashirin da sauri. Awa uku zuwa biyar shi ne daidai. In ya wuce takwas, ka tambaya ko kamfanin yana ba da masauki, don wasu suna bayarwa amma ba sa bin ka da shi, ka kuma tambaya ko fita daga filin yana bukatar biza. Ka tabbata kuma duka gaɓoɓin a tikiti ɗaya suke. In guda ne, jakarka za ta wuce da kanta har ƙarshe, in jirgin farko ya makara kamfani ne zai nema maka wani. In ka sayi biyu daban don neman sauƙi, duk abin da ya faru kai da aljihunka.

Ka lura kuma da wancan 01:00 na Litinin. Daren Lahadi ne za ka tafi filin jirgi, bayan Isha'i ka fara haramar fita, tunda ana son ka isa awa uku kafin tashi. Wani bawan Allah ya taho daga Tawa ranar Litinin da rana, ya yi wanka ya ci tuwo a gidan ɗan'uwansa, ya nufi fili da dare cikin natsuwa, ashe jirginsa ya kai Istanbul tun safe. Jirage da yawa da dare suke barin Yamai, don su riski jiragen safe a can, ga shi kuma iskar rana a watan Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, ba ta da kaurin da za ta ɗaga jirgi mai nauyi cikin sauƙi.

Duk lissafin nan na zare ne, jirgi kuwa ba kullum yake samun bin zare ba. Miƙaƙƙen layin Yamai zuwa Jidda ta kan Cadi da arewacin Sudan yake bi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da yawa suna kauce wa samaniyarta. Libiya ma an daɗe ana kauce mata. Mu kanmu da aka rufe sararin samaniyar Nijar daga farkon Agusta zuwa farkon Satumban 2023, jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka sai da suka riƙa zagaye mai nisa. Iska ma tana da nata rabon. A can sama, musamman ta wajen arewa, akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, tana tura mai zuwa Sin tana tare mai dawowa. Shi ya sa dawowa daga Gwanzu zuwa Istanbul takan fi zuwa da wajen awa guda, alhali hanyar ba ta ƙaru ba.

Mu mutanen Tawa akwai gaɓar da ba ta cikin tikiti. Tsakanin Tawa da Yamai kilomita 370 ne a sama, amma a kwalta, ta Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kusan 550 ne, wuni guda a kar. Abin dariyar, daga Tawa zuwa Jidda kai tsaye 3,650 ne kawai, wato mukan yi wuni muna nisantar Makka kafin mu fara kusantarta. Na Damagaram ya fi mu shan wannan, kusan kilomita 900 zai yi zuwa yamma, sannan jirgi ya dawo da shi gabas ya wuce ta arewa da garinsu. Ka sa wannan wunin a lissafi, ka ƙara kwana guda na hutu a Yamai, don kar tana iya lalacewa a hanya, lokacin hunturu kuma ƙura tana iya sa a sauya lokacin tashi.

Mai niyyar Umra da zai sauka Jidda ya riƙe wata lamba guda: jirgi yana cin kusan kilomita 14 a minti ɗaya. In matuƙi ya sanar cewa an kusa miƙati, ba lokacin tashi neman harami a cikin jakar sama ba ne, ga layin banɗaki ya kai tsakiyar jirgi. Kafin ka kwance maɗaurin jakar an wuce. Maza su ɗaura haraminsu tun a filin zangon ƙarshe, Adis ko Istanbul ko Kasablanka, ya rage niyya da talbiyya kawai. Wanda zai fara sauka Madina ba ruwansa da wannan, nasa miƙatin yana Zul Hulaifa, a bakin garin, ranar da zai kama hanyar Makka. Hukuncin sallar ƙasaru da buɗa baki a cikin jirgi na malamai ne, a tambaye su kafin tafiya, amma ka gaya wa malamin cewa mai zuwa gabas rana tana saurin faɗuwa gare shi da kimanin awa biyu da rabi tsakanin Yamai da Jidda, mai dawowa kuma wuninsa yana ƙara tsawo da haka.

Wanda zai tarbe ka kuma, kada ka ce masa "gobe da yamma" a waya, don goben taka da tasa ba lalle su zama ɗaya ba. Ka tura masa hoton tikitin ta WhatsApp, ka zagaye layin ƙarshe, ranar sauka da lokacin da lambar jirgin, haruffa biyu da lambobin da ke biye da su. In ya sa lambar a shafin Flightradar24 zai ga inda jirgin yake da lokacin da ake sa ran saukarsa. Ya ƙara awa guda a kai saboda layin fasfo da jiran kaya, a Jidda lokacin cunkoson Umra kuwa ya ƙara biyu ko uku.